Awon Magani ga Wanda Limoniya Ta Kayar



Idan limoniya ta kayar da mutum har aka kai shi sashen gobe da nisa, aka zura masa bututu a maƙogwaro na'ura tana yi masa numfashi, tambayoyin da dangi kan yi a bakin ƙofa ba su wuce biyu ba. Likita, an gano ciwon? Likita, maganin da aka rubuta mai ƙarfi ne, ko akwai wanda ya fi shi mu je mu nemo ko nawa ne? Duk tambayoyi ne na mai ƙaunar ɗan'uwansa. Sai dai akwai ta uku da ba a cika yi ba, wadda wasu likitoci da masana haɗa magunguna suka shafe fiye da shekara ashirin suna bin diddiginta: wannan magani da aka zaɓa, nawa za a ba mara lafiya, kuma cikin minti nawa ko awa nawa za a tura masa shi a jijiya? A kanta sharhinmu na yau zai tsaya, domin amsar da bincike ya fara bayarwa tana iya ceton rai ba tare da an ƙara ko kwalba ɗaya ta magani ba.

Huhun ɗan Adam cike yake da 'yan mitsi-mitsin jakunkunan iska, ɗaruruwan miliyoyi, kuma ta jikin bangonsu ne iskar da muke shaƙa take ratsawa ta shiga jini. Idan ƙwayar cuta ta sauka a cikinsu, jiki ya tashi yaƙi da ita, sai wurin ya cika da ruwa da mugunya. Mai ƙaramar limoniya yakan sha magani a gida ya warke. Mai tsananinta kuwa numfashi ke gagararsa, jininsa ya yi ƙasa, ƙoda ta fara gazawa, hankali ya gushe. Wani daga gida yake zuwa da ita. Wani kuma a asibiti take kama shi, musamman wanda ya kwana biyu ko fiye a kan na'urar numfashi, domin bututun nan hanya ce a buɗe ga ƙwayoyin cutar asibiti irin su Kilebsiyela da Sudomonas da Asinetobakta, waɗanda suka saba da magunguna har da yawansu ba sa jin na yau da kullum.

To, awon da ake gani a takardar cikin kwalin magani, daga ina aka samo shi? Akan fara gwada sabon magani a jikin masu lafiya da suka ba da kansu, a ga yadda yake bazuwa a jini da yadda ƙoda ko hanta take fitar da shi. Daga nan a gwada shi a kan marasa lafiya, galibi waɗanda ciwonsu bai kai rai kwakwai mutu kwakwai ba. Sai a tsayar da awo guda: giram kaza duk bayan awa takwas. Wannan awo yana yi wa yawancin mutane aiki. Amma jikin wanda ke kwance a gobe da nisa ba ya bin wannan lissafi.

Ga abin da ke faruwa a cikinsa. Idan cuta ta bazu a jini, ƙananan jijiyoyi sukan saki, ruwa ya riƙa tsatsafowa daga cikinsu yana shiga nama. Shi ya sa za ka ga mara lafiya ya kumbura, hannu da ƙafa da fuska. Likitoci kuma ba su da zaɓi sai su yi ta ƙara masa ruwa, leda bayan leda, don jininsa ya tashi. Maganin da ke narkewa a ruwa, kamar dangin fenisilin, yana bin wannan ruwa duk inda ya nufa. Giram ɗayan da zai wadatar da mai lafiya, a jikin wannan bawan Allah ya watsu cikin ruwa mai yawa, ƙarfinsa a jini ya ragu tun daga allurar farko.

Sai kuma ƙoda, kuma a nan nake so ku ba ni hankalinku. Abin da kowa ya sani shi ne ƙodar mai tsananin ciwo tana iya tsayawa, magani ya taru ya zama guba, don haka likita ya saba da rage awo. Abin da aka daɗe ba a lura da shi ba shi ne akasin haka. Ɗauki saurayi ɗan shekara ashirin da biyar da ya yi haɗarin babur ko ya ƙone, aka ɗora shi a kan na'ura, bayan kwana huɗu limoniya ta shige shi. Zuciyarsa tana harbawa da ƙarfi, an cika shi da ruwa, ƙodarsa tana tace jini fiye da ƙa'ida, sama da mililita 130 a kowane minti. Gwajin ƙoda da aka saba yi zai fito lafiya lau, kowa ya yi hamdala. Amma maganin yana bin fitsari yana fita tun bai gama aikinsa ba. Wato wanda ake ganin ya fi kowa ƙarfin jiki a ɗakin, yana iya zama shi ne ya fi kowa ƙarancin magani a jini. Ga kuma dattijon da ke gadon kusa da shi, an ɗaura masa injin wankin ƙoda, injin ma yana kwashe nasa rabon na maganin. Wani kuma sinadarin gina jiki da ke riƙe magani a jini ya ragu masa saboda ciwo ko yunwa, sai magani irin seftiriyazon, wanda ya dogara da wannan riƙo, ya riƙa fita da wuri. Kuma duk wannan yana canzawa daga ranar Litinin zuwa Laraba a jikin mutum ɗaya. Ƙodar da ta tsaya yau tana iya farfaɗowa cikin kwana biyu, idan kuma aka bar awon da aka rage yadda yake, mara lafiya ya shiga ƙarancin magani ba wanda ya ankara.

Me ya sa wannan raguwa take da haɗari haka? Saboda yadda dangin fenisilin suke kashe ƙwayar cuta. Tun ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon 1950 wani likita Ba'amurke mai suna Harry Eagle ya nuna a jikin dabbobi cewa nasarar fenisilin tana rataye ne a kan tsawon lokacin da ya ɗauka a jiki yana sama da matakin da ke hana ƙwayar cuta hayayyafa. Daga baya William Craig, a jihar Wiskonsin ta Amurka, ya shafe shekarun 1980 da 1990 yana gwaji da ɓeraye, ya rarrabe magunguna gida-gida. Akwai masu kisa da ƙarfin duka guda, kamar jentamaisin, shi ya sa ake ba da shi babban awo sau ɗaya a rana. Akwai kuma masu kisa da naci, su ne fenisilin da danginsa, har da manyan magungunan da ake ji da su a gobe da nisa, merofenem da fiferasilin. Duk uwar gidan da ta taɓa dafa ganda ta san wannan ilimi. Wutar kara da za ta tashi bal-bal ta mutu ba za ta nunar da ita ba, ko sau nawa aka sake hurawa. Garwashi take so, wanda zai yi ta ci a ƙarƙashin tukunya ba yankewa.

Yanzu ku duba yadda aka saba ba da su. Nas ta haɗa maganin, ta rataya, ya shige cikin minti talatin. Ƙarfinsa a jini ya yi sama nan take. A jikin mai lafiyayyar ƙoda, merofenem yana raguwa da rabi a cikin kusan awa ɗaya. Bayan awa biyu saura rubu'i. Kafin awa takwas ta cika a zo da na gaba, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Idan ƙwayar cutar mai saurin jin magani ce, wannan ragowa ma tana iya isa. Idan kuwa irin ta asibiti ce mai taurin kai, to ta sami awanni tana hutawa tana hayayyafa tsakanin allura da allura.

Wannan lissafi ne na takarda, sai da aka je aka auna a jikin mutane. A shekarar 2014 aka wallafa wani bincike mai suna DALI, wanda Farfesa Jason Roberts na Jami'ar Kwinslan da ke birnin Birisben a Ostireliya ya jagoranta, shi kuwa masanin haɗa magunguna ne. An ɗebi jinin marasa lafiya 384 a asibitoci 68 na ƙasashen Turai, aka auna maganin da ke ciki. An tarar da bambanci mai ban tsoro tsakanin mutum da mutum, alhali magani iri ɗaya ake ba su. Cikin waɗanda ake yi wa jinyar cuta, kashi 16 cikin 100 maganin bai kai matakin da ake buƙata ba ko da na rabin lokacin da ke tsakanin allura biyu, kuma su ne suka fi ƙarancin samun sauƙi. Ku lura, a Turai ke nan, inda ba a rasa magani ba, ba a rasa ma'aikata ba.

Mafitar da aka kawo mai sauƙin faɗa ce. A fara da cikakken awo guda da sauri, don jini ya cika da magani tun daga farko. Daga nan adadin da aka saba bayarwa a yini, maimakon a raba shi allura uku ko huɗu, a sa shi a na'urar tura magani ya riƙa shiga a hankali dare da rana ba yankewa. Kwalabe nawa a yini? Daidai da na da. Kuɗin magani? Daidai da na da.

Amma likitanci ba ya karɓar abu don kawai ya yi daɗin ji, kuma haka ya kamata. Mutanen Birisben, wato Roberts da Farfesa Jeffrey Lipman, wanda ya yi aiki a asibitin Baragwanath na Soweto a Afirka ta Kudu kafin ya koma Ostireliya, da Dakta Joel Dulhunty, sun bi abin mataki-mataki. Gwajinsu na farko a 2013, da mutum 60, ya nuna cewa turawa a hankali tana riƙe magani a jini fiye da tsohuwar hanya. Na biyu a 2015, da mutum 432, bai nuna wani bambanci a rayuwa ba. A 2023 kuma wani gwaji mai suna MERCY, wanda likitocin Italiya suka jagoranta da mutum 607 a kan merofenem, shi ma ya fito babu bambanci. Da mutanen Birisben masu rauni ne, da tun a gwajinsu na biyu suka ajiye.

Babban gwajin shi ne nasu na uku, mai suna BLING III, wanda suka gudanar tare da Cibiyar George mai binciken lafiya. An ɗauki marasa lafiya daga watan Maris na 2018 zuwa Janairun 2023, har da shekarun korona, a sassan gobe da nisa 104 na ƙasashe bakwai: Ostireliya, Niyu Zilan, Malesiya, Birtaniya, Faransa, Beljiyam da Suwidin. Mutum 7,031 aka yi lissafi da su, dukansu cuta ta bazu musu a jini, kuma fiye da rabinsu daga huhu ta taso. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Sakamakon ya fito a mujallar JAMA a watan Yunin 2024. Cikin kwana 90, kashi 24.9 cikin 100 na waɗanda aka tura wa magani a hankali sun rasu. Cikin waɗanda aka bi tsohuwar hanya da su, kashi 26.8. Waɗanda suka warke daga cutar kuwa, kashi 55.7 ne a ɓangaren farko, kashi 50 a na biyu.

Nan aka yi muhawara, kuma muhawara ce ta gaskiya. Masu ƙididdiga suna da ƙa'ida: sai bambanci ya kai wani mataki kafin a ce da wuya ya zama dace ne kawai. Bambancin mace-macen nan, kusan mutum biyu cikin ɗari, ya tsaya dab da wannan mataki bai ƙetare ba. Wasu suka ce to gwajin bai tabbatar da komai ba. Amma a rana ɗaya, a mujalla ɗaya, aka wallafa wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 18 masu mutum 9,108, har da waɗanda ba su nuna bambanci ba. Da aka haɗa su duka, lissafi ya nuna yiwuwar kashi 99 cikin 100 cewa tsawaita turawa tana rage mutuwa, kimanin rai ɗaya cikin kowane mutum 26 da aka yi wa haka.

Ni dai a nawa ganin, hujjar ta isa a yi aiki da ita. Da a ce sabon magani ne mai tsada ko mai haɗari, da sai in ce a dakata a ƙara bincike. Amma tsohon magani ne, awonsa bai canza ba, gwajin mutum dubu bakwai bai nuna wata babbar illa ta daban ba, kuma ilimin da aka gina shi a kai ya kai shekara saba'in. Mutum biyu cikin ɗari yana yi wa kunne kamar kaɗan. Ka lissafa shi da yawan mutanen da ake kwantarwa da wannan ciwo a duniya kowace shekara, sannan ka tuna kowane ɗaya uban wasu ne ko uwar wasu. Tun 2021 ma ƙa'idojin jinya da manyan ƙungiyoyin likitocin gobe da nisa na Turai da Amurka suka fitar sun ba da shawarar haka, ko da yake a lokacin da sassauci suka faɗe ta.

Limoniya kuma tana da wata wahala tata ta daban. Abin da ake aunawa a jini ba lallai shi ne ya isa huhu ba. Ƙwayar cutar tana zaune ne a cikin ɗan siririn ruwan da ya shafe jakunkunan iska, kuma sai magani ya ratsa bango kafin ya kai gare ta. Wasu magunguna suna ratsawa sosai, wasu kaɗan, jentamaisin na cikin masu ratsawa da ƙyar. Akwai wani mai suna daftomaisin, gwani ne wajen kashe ƙwayar cuta a jini da fata, amma da aka gwada shi a kan limoniya sai ya gaza. Daga baya aka gano cewa wani maiƙo da Allah Ya shafe cikin huhu da shi don kada jakunkunan su manne, shi ne yake kama maganin ya kashe masa ƙarfi. Don haka idan ana maganar huhu, ragowar da ake ganin ta isa a jini tana iya zama ba ta isa ba a inda ake yaƙin, kuma wannan ƙarin dalili ne na kada a bar magani ya yi ƙasa.

Wani zai ce, to me zai hana a riƙa auna maganin a jinin kowane mara lafiya ana daidaita masa nasa awon? Tunani ne mai kyau, kuma manyan asibitoci suna yi. Amma gwaje-gwaje biyu da suka fito a 2022, TARGET a Jamus da DOLPHIN a Holan, ba su nuna cewa hakan ya kawo wa marasa lafiya sauƙi a fili ba. Cikin dalilan da ake bayarwa akwai jinkirin fitowar sakamako, domin kafin ya dawo daga ɗakin gwaji jikin mara lafiya ya riga ya canza. Ana ci gaba da aiki a kai. Kada kuma wani ya ɗauka cewa ƙara yawan magani shi ne mafita ko da yaushe. Maganin sefefim, idan ya taru a jikin mai raunin ƙoda, yana rikita ƙwaƙwalwa har ya jawo jijjiga, kuma a jikin wanda aka riga aka sa barci a kan na'ura da wuya a gane.

Game da tsawon kwanakin jinya, an daɗe da samun haske. A 2003 likitocin Faransa suka gwada mutum 401 masu limoniyar na'urar numfashi, rabi kwana 8, rabi kwana 15, mace-mace ba su bambanta ba, ko da yake masu Sudomonas da ire-irenta ciwon ya fi dawo musu a gajeren zango. Abin da ake nufa yanzu shi ne a ba da isasshe tun da wuri, a daina da zarar aiki ya kammala.

Akwai kuma abin da ya wuce mara lafiya ɗaya. A jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a watan Disamban 1945, Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗin cewa ba wa ƙwayar cuta maganin da bai isa ya kashe ta ba yana koya mata jure masa. Abin da ya hango ya iso. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta wallafa a Janairun 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, cututtukan huhu da ƙirji su ne kan gaba, kuma yankin da ya fi ko'ina yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma. Yankinmu ke nan. Merofenem na cikin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa sa musu ido, domin idan ya daina aiki abin da ya rage a baya kaɗan ne, mai tsada, mai illa ga ƙoda. Kowane awo da aka ba da shi ba daidai ba yana matso da wannan rana.

Ku sake duba jerin ƙasashe bakwai ɗin nan na BLING III. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya. Kuma akwai abubuwan da suka shafe mu waɗanda gwajin da aka yi a Suwidin ba zai amsa mana ba.

Na farko zafi. Merofenem, da zarar an narkar da shi a ruwa, yana fara lalacewa, kuma gwargwadon zafin ɗaki gwargwadon saurin lalacewarsa. Ko a ɗaki mai sanyi awanni kaɗan yake yi, shi ya sa ake haɗa sabo sau da yawa a yini maimakon a rataya leda ɗaya ta kwana. To ina ga ɗakin jinya a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya? Idan aka kwafi tsarin Turai ido rufe, ana iya wayar gari ana tura wa mara lafiya maganin da ya riga ya rasa wani kaso na ƙarfinsa. Na'urar turawa ita ma tana son wuta ko batir mai rai, tana son layin jijiya na kanta wanda ba a cusa wasu magunguna ta ciki, tana son nas mai lokacin dubawa. Inda babu wannan, akwai matsakaiciyar hanya da aka yi nazari a kanta, tana ma cikin gwaje-gwaje 18 ɗin da aka tattara: a tura kowane awo cikin awa uku ko huɗu maimakon minti talatin. Ana iya yin wannan da ƙirga ɗigo, idan ma'aikaci ya samu horo kuma ba a cika masa gadaje fiye da ƙarfinsa ba.

Sai maganar aljihu, wadda ta fi ci mini rai. A yawancin asibitocinmu dangi ne ke sayo magani, sau da yawa na yini ɗaya ko ma na allura ɗaya, gwargwadon abin da aka harhaɗa. Allurar ƙarfe biyu na dare ta wuce saboda ba a samu kuɗi ba sai da safe. Bayan duk abin da muka faɗa a kan yadda maganin nan yake ƙarewa a jini cikin awanni, kun ga abin da tsallake awo ɗaya yake nufi: awa goma sha shida tsakanin allura da allura, mafi yawansu ƙwayar cuta tana kusan sake. Ga kuma ingancin abin da aka sayo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marasa inganci. Kwalbar da aka rubuta giram ɗaya alhali rabi ne a ciki ta rushe duk lissafin likita. Saboda haka ina kira ga hukumomin asibitoci da gwamnatocin jihohi da masu hannu da shuni da ke taimaka wa marasa lafiya: maganin kwana biyun farko na mai tsananin limoniya ya kasance a ajiye a cikin sashen, daga tushe amintacce, a fara ba shi nan take, a yi maganar kuɗi daga baya.

Ku kuma 'yan'uwana masu jinya, iyaye mata da ke kwana a gefen gado, ga amana. Idan kun ga ƙaramar ledar magani tana ɗiga a hankali, awa biyu, awa uku ba ta ƙare ba, kada ku murɗa ta don ta yi sauri, kada ku matsa wa nas cewa ta manta da ku. Mai yiwuwa da gangan aka sa ta haka. Idan kuna shakka ku tambaya. Idan lokacin allura ya yi ba a zo ba, ku tuna wa ma'aikata cikin ladabi. Idan kun ga kuɗin awo na gaba ba zai samu ba, ku faɗa wa likita tun da rana, kada ku bari sai dare ya raba. Kuma duk abin da na faɗa a yau magana ce ta maganin jijiya a hannun likita, a kan wanda ke kwance a asibiti. Ba izini ba ne ga kowa ya je kemis ya ninka wa kansa ko ɗansa ƙwayoyi. Yaron da numfashinsa ke sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, asibiti za a kai shi a ranar. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa limoniya ta kashe yara 162,000 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya a 2018, fiye da kowace ƙasa a duniya, kuma mafi yawansu ba su ma kai ga ganin ƙofar gobe da nisa ba.

Ga malamanmu na jami'o'i da asibitocin koyarwa, na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da takwarorinsu na Yamai, akwai bincike a nan wanda ba ya buƙatar mutum dubu bakwai. A rataya ledar merofenem a ɗakin jinya na gaske a tsakiyar bazara, a riƙa ɗiba duk bayan awa ana auna abin da ya saura, a gaya wa nas-nas ɗinmu awa nawa za su iya barin ta. A tara fitsarin awa takwas na matasan da aka kwantar bayan haɗarin hanya, a ga nawa ne cikinsu ƙodarsu ke gudu fiye da ƙa'ida. A ɗauki kwalabe daga shagunan magani da ke kewaye da asibiti a auna ko giram ɗin da aka rubuta yana ciki. Ɗalibin digiri na biyu a sashen haɗa magunguna zai iya kowane ɗaya daga cikin waɗannan a shekara guda, idan aka ba shi na'urar awo da kuɗin sinadarai.